Daga Fiyano Zuwa Tsirkiya: Abin da Kiɗan Brazil Ke Tuna wa Mai Sauraro a Kaduna

Wanda ya tsaya a rumfunan masu tura waƙoƙi a Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, zai ji cewa fiyano ya mamaye waƙar Hausa ta zamani. Kalangu da kukuma suna nan a kunne, amma na'ura ce ke kwaikwayonsu. Ina ganin tarihin kiɗan Brazil yana da abin faɗa a kan wannan.

Ernesto Nazareth (1863–1934) makaɗin fiyano ne a birnin Rio de Janeiro, ya kuma yi kiɗa a zauren jira na siniman Odeon, inda sanannen kiɗansa "Odeon" ya samo suna. Sai dai salon nasa daga titi ya ɗauko shi, wurin makaɗan choro masu jita da sarewa da ƙaramar jitar da suke kira cavaquinho. Hannunsa na hagu jita yake kwaikwayo. Saboda haka da makaɗan jita suka sake tsara kiɗansa suka naɗa shi a faifai, gida suka mayar da shi.

Hanyar ba ta yi sauƙi ba, domin a lokacin ana ganin jita kayan 'yan tasha ne. A 1914 Nair de Teffé, matar Shugaban Brazil Hermes da Fonseca, ta kaɗa "Corta-jaca" na Chiquinha Gonzaga da jita a fadar shugaban ƙasa ta Catete, sai Sanata Rui Barbosa ya caccake ta a majalisar dattawa. Mu ma mun san wannan kallon. Da shi ake kallon mai goge da mai garaya.

Tsirkiya tana da abin da fiyano bai da shi. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma mai kukuma yana lanƙwasa sauti da yatsa ya bi hawa da saukar kalma, kamar yadda mai kalangu ke matse tsarkiyar gangarsa a hammata. Maɓallin fiyano kuwa inda aka ajiye shi nan yake tsayawa. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe taro shekaru da dama.

Aikin da ya rage mana shi ne a ɗauki fitattun waƙoƙin fina-finan Hausa, a zauna da mai gurmi da mai kukuma su sake tsara su, a naɗa da kyau, a kai wa masu tura waƙa a kasuwar.