Tafiyar Shugaba da Riƙon Ƙasa: Darasi Daga Shugabanni Biyu na Jihar Katsina

Maƙasudin wannan takarda shi ne nuna cewa taƙaddamar da kan biyo bayan hutun shugabanni tushenta tambaya guda ce: wa aka bar wa gari? A tsarin sarautar ƙasar Hausa, idan sarki zai fita yaƙi ko rangadi, sai ya damƙa riƙon gari ga wani babban mai sarauta, domin kada fada ta zama kango. Sashe na 145 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wannan manufa, inda ya tanadi Shugaba ya sanar da Majalisar Tarayya a rubuce in zai tafi hutu, Mataimakinsa ya zama muƙaddashi.

Ran 23 ga Nuwamba 2009 Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Jidda neman magani ba tare da aika wannan takarda ba. Ƙasa ta yi kwana saba'in da ɗoriya babu mai riƙo. Ran 9 ga Fabrairu 2010 Majalisa ta dogara da hujjar lalura, ta ɗauki hirar da ya yi da BBC ta wayar tarho a matsayin sanarwa, ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashi. 'Yar'aduwa ya komo cikin dare ran 24 ga wannan wata, ya rasu ran 5 ga Mayu. Daga nan aka gyara sashen: in Shugaba ya yi kwana 21 bai rubuta ba, Majalisa na da ikon ba Mataimaki riƙo.

Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya bi ƙa'ida a 2017. Ya miƙa wa Yemi Osinbajo riƙo, ya tafi Landan ran 19 ga Janairu da sunan hutun kwana goma, bai komo ba sai 10 ga Maris. Tafiyarsa ta biyu, daga 7 ga Mayu zuwa 19 ga Agusta, ta haura kwana ɗari. An yi zanga-zanga a Abuja, amma aikin gwamnati bai tsaya ba.

Abin da bai sake ba shi ne ɓoye wa jama'a gaskiyar lafiyar Shugaba. Talakan Riko da ke bakin iyakar Jibiya, wanda buɗe iyaka da rufe ta ke hannun Shugaba, yana da haƙƙin sanin wanda ke riƙe da alƙalami. Doka ta warware batun wakilci, saura batun faɗa wa talakawa gaskiya.