Malta: Tsibirin da Ya Riƙe Harshensa

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai, muna aji uku malaminmu na tarihi ya nuna mana wani ɗigo a taswira, kudu da Sisili, ya ce wannan shi ne Malta. Ban san darajar ɗigon nan ba sai da na sa ƙafa a can.

Larabawa sun ci tsibirin a 870, Normawa suka karɓe shi a 1091. A 1530 aka damƙa shi ga mayaƙan Waliyyi Yahaya, waɗanda suka kori rundunar Usmaniyya a 1565. Ingila ta riƙe shi daga 1800 har samun 'yanci a 1964.

Yau mafi yawan mutanensa Katolika ne, kowane ƙauye da cocinsa da bikin waliyyinsa. A garin Mosta na ga cocin da bam ya huda ƙubbarsa a 1942 bai fashe ba. Amma tsohon babban birninsu sunansa Mdina, Ubangiji suna ce masa "Alla", azuminsu kuwa "Randan".

Masu mulki sun zo sun wuce, harshen da Larabci ya haifa yana nan. To, mu da 'ya'yanmu ke jin kunyar Hausa, ina hujjarmu?