Ruɓa da jabu: tarihin kalmomi biyu a Ingila

Harshen Ingilishi yana da kalmomi biyu da ɗalibai ke yawan gwamutsawa, alhali kuwa tarihi ya raba musu hanya: «corruption» da «counterfeit». Wanda ya yi karatun Faransanci zai gane kamanninsu, domin suna cikin ɗimbin kalmomin da suka kwarara cikin Ingilishi bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066.

Ta farko tushenta Latin ne, daga aikatau mai ma'anar lalata abu gaba ɗaya. Ana faɗinta ga naman da ya ruɓe, ana kuma faɗinta ga alƙalin da ya ci hanci. Ta biyu tana nufin abin da aka ƙera don ya kwaikwayi wani, wato jabu. Ruɓaɓɓe da can mai kyau ne, daga baya ya lalace; jabu kuwa tun ranar da aka ƙera shi ƙarya ne.

Shari'ar Ingila ba ta auna laifuffukan biyu da mudu ɗaya ba. Dokar 1351, zamanin Sarki Edward na Uku, ta sanya buga kuɗin jabu cikin cin amanar sarauta, hukuncinsa kisa. A 1696 aka naɗa masanin nan Isaac Newton mai kula da gidan buga kuɗin sarki. Ya bi sawun wani gwanin jabu, William Chaloner, har aka rataye shi a 1699.

Dubi kuma Francis Bacon, babban alƙalin ƙasar, wanda a 1621 ya amsa wa majalisa cewa ya karɓi kyaututtuka daga masu ƙara. An ci shi tarar fam 40,000, aka tsare shi a Hasumiyar Landan. Kwanaki kaɗan ya yi aka sake shi, Sarki James kuma ya ɗauke masa tarar. Ya rasa muƙaminsa, amma ya tsira da ransa.

Jabun kuɗi ana gane shi da sikeli, ko da ƙararsa in an buga shi a dutse. Alƙalin da ya ci hanci kuwa kujerarsa ta gaske ce, hatiminsa na gaske ne, hukuncinsa kuma yana hawa kan talaka. Babu sikelin da ke tona shi. Malamin da ya rarrabe wa ɗalibansa kalmomin nan biyu ya nuna musu wace ɓarna ce ta fi wuyar kamawa.