Poka marar iyaka

Poka marar iyaka wani salo ne na wasan kartar poka, wanda ɗan wasa ke da damar zuba duk kuɗin da ke gabansa a duk lokacin da zagaye ya zo kansa. Nau'in da aka fi bugawa shi ne Texas hold'em. Ana yin sa ko dai a gasa, ko kuma a zaman tsabar kuɗi. A zaman tsabar kuɗi, kowane faifan roba da ke kan tebur yana wakiltar kuɗi na gaske, kuma mutum na iya tashi lokacin da ya ga dama. Sa'a ce ke yanke hukuncin hannu ɗaya, amma bayan dubban hannaye lissafi da kamun kai ne ke bambanta mai ci da mai asara.

Tarihi

Wasan ya samo asali ne a jihar Texas ta Amurka a farkon ƙarni na 20, kuma majalisar dokokin jihar ta amince da garin Robstown a matsayin mahaifarsa. 'Yan caca irin su Doyle Brunson da Amarillo Slim na cikin waɗanda suka kai shi Las Vegas a shekarun 1960. A shekarar 1970 Benny Binion ya fara gasar World Series of Poker. Wasan ya ƙara bazuwa a shekarar 2003, lokacin da wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya sami gurbin shiga gasar ta intanet, ya kuma lashe dala miliyan 2.5.

Yadda ake wasa

Ana amfani da karta 52. Kafin rabo, mutum biyu suna zuba kuɗin dole, ƙarami da babba. Ana ba kowa karta biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur a matakai uku: uku, ɗaya, ɗaya. A kowane mataki ɗan wasa na iya janyewa, ko ya biya daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara. Wanda ya haɗa karta biyar mafi ƙarfi shi ke kwashe kuɗin tsakiya, haka ma wanda kowa ya janye ya bar shi.

Dabaru

Dabara ta farko ita ce zaɓen hannu. Akwai hannayen farawa iri 169, kuma ƙwararru suna yar da mafi yawansu tun kafin a buɗe komai. Hannu mafi ƙarfi, wato As biyu, yana zuwa sau ɗaya ne cikin rabo 221.

Ta biyu ita ce mazauni. Wanda ke magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da sauran suka yi, don haka yana iya buga hannaye da yawa fiye da wanda ke fara magana.

Ta uku ita ce auna farashi da riba. Misali, idan akwai naira 10,000 a tsakiya, abokin karawa ya zuba 5,000, to ɗan wasa zai biya 5,000 ne don neman 15,000. Kafin biyan ya yi amfani, sai damarsa ta ci ta kai kashi 25 cikin 100. Idan yana da karta huɗu iri ɗaya yana jiran ta biyar, kuma buɗi ɗaya ya rage, karta 9 ne kawai cikin 46 za su cece shi, wato kusan kashi 20 cikin 100. A nan lissafi ya nuna janyewa ta fi, sai dai in yana sa ran cin ƙarin kuɗi idan kartar ta fito.

Ta huɗu ita ce burga, wato zuba kuɗi da hannu marar ƙarfi don a tsorata abokin karawa. John von Neumann da Oskar Morgenstern sun nuna a littafinsu na 1944 cewa burga wani ɓangare ne na ingantaccen lissafin wasan, domin wanda ba ya zuba kuɗi sai da hannu mai ƙarfi, ba wanda zai biya shi. A shekarar 2017 manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta doke ƙwararru huɗu a hannaye 120,000 a birnin Pittsburgh, kuma ita ma tana burga.

Kamun kai

Ko As biyu na faɗuwa a gaban Sarki biyu kusan sau ɗaya cikin biyar. Saboda haka ƙwararru suna auna kansu da ingancin shawarar da suka yanke, ba da sakamakon dare ɗaya ba. Babban abin da ke karya ɗan wasa shi ne halin da suke kira tilt, inda ɓacin ran asara ke sa mutum zuba kuɗi ba lissafi don ya rama. Maganinsa shi ne tashi daga tebur. Ana kuma ware jarin wasa daban da kuɗin cefane, galibi ninki 20 ko fiye na abin da ake zama da shi.

Gidan caca yana yankar kamasho daga kuɗin tsakiya a yawancin hannaye. Wannan na nufin jimillar abin da 'yan wasa ke tashi da shi bai kai abin da suka zo da shi ba, shi ya sa masu asara suka fi masu riba yawa. Wasan na iya zama jaraba da ke kai mutum ga bashi da mutuwar aure.

A ƙasar Hausa

Poka ba ta yi tashe a ƙasar Hausa ba. Kartar da aka fi sani a Najeriya ita ce Whot, wadda aka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1930. Duk wasan da aka sa kuɗi a kansa caca ake kiransa, kuma Musulunci ya haramta caca a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90. Jihar Katsina, wadda masarautar Daura ke cikinta, ta fara aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kamar Kano da Sakkwato, kuma caca laifi ce a ƙarƙashin waɗannan dokoki. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukuncin cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a yankunansu, ba gwamnatin tarayya ba.