Na'urar rada da yaƙi da jirage marasa matuƙa

Da asubahin ranar 14 ga watan Satumban 2019, wasu jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami suka faɗa wa cibiyar tace mai ta Abqaiq da filin mai na Khurais a gabashin Saudiyya. Harin ya dakatar da haƙar ganga miliyan 5.7 a kowace rana, wato kusan rabin man da ƙasar ke haƙowa. 'Yan tawayen Houthi na Yemen sun ce su ne suka kai shi, Amurka da Saudiyya kuwa suka ɗora alhakin a kan Iran, wadda ta musanta.

Saudiyya dai na cikin ƙasashen da suka fi kashe kuɗi kan makaman kariyar sararin samaniya. Tambayar da aka yi ta yi bayan harin ita ce, yaya aka yi na'urorinta ba su tare jiragen ba?

Yadda rada take aiki

Rada na'ura ce da ke cilla igiyoyin rediyo sama, sannan ta saurari amsa-kuwwarsu. Idan igiyoyin suka ci karo da jirgi, wani ɓangarensu yakan dawo. Da yake suna tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, lokacin da suka ɗauka kafin su dawo shi ke nuna nisan jirgin. Ɗan sauyin da ake samu a zangonsu kuwa yana nuna saurinsa, da ko tahowa yake yi ko tafiya.

Wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya yi rajistar irin wannan na'ura tun 1904 domin hana jiragen ruwa yin karo cikin hazo, sai dai bai samu masu saye ba. A watan Fabrairun 1935 ne Robert Watson-Watt ya nuna wa hukumomin Birtaniya cewa za a iya gano jirgin sama ta wannan hanya. Daga nan aka kafa jerin tashoshi a gaɓar tekun Ingila, waɗanda suka taimaka ƙwarai wajen daƙile hare-haren jiragen Jamus a 1940.

Me ya sa ƙananan jirage ke kuɓuce mata?

An ƙera yawancin na'urorin rada na soja ne domin gano manyan jiragen yaƙi na ƙarfe, masu gudu a can sama. Ƙaramin jirgi maras matuƙi ya saɓa da wannan ta kowace fuska.

Jikinsa na roba ne ko wani abu makamancin haka, saboda haka igiyoyin da yake mayarwa ba su taka kara sun karya ba. Yana kuma tafiya ƙasa-ƙasa, inda tuddai da gine-gine da itatuwa ke kare shi, ga shi kuma lanƙwasar doron duniya na hana radar da ke ƙasa hango abin da bai yi sama sosai ba sai ya matso.

Babbar matsalar ita ce rashin saurinsa. An tsara tsofaffin na'urori su yi watsi da duk abin da ke tafiya a hankali, domin kada tsuntsaye da motoci su cika allo. Idan aka cire wannan matata, sai ma'aikaci ya rasa bambance jirgi da shirwa. Sababbin na'urori suna warware wannan ne ta hanyar lura da juyawar farfela, wadda ke barin alamar da fiffiken tsuntsu ba ya bari.

Ko an ga jirgin ma, da sauran aiki. A watan Janairun 2024 wani jirgi maras matuƙi ya kashe sojojin Amurka uku a sansanin Tower 22 da ke Jordan, kuma rahotanni sun ce an ɗauka na Amurka ne da ke komowa gida.

Saboda haka ba a dogara da rada ita kaɗai. Akan haɗa ta da kyamarori masu gano zafin inji, da na'urorin da ke sauraren saƙonnin da ke tsakanin jirgi da mai sarrafa shi. Ukraine ta baza dubban na'urorin ɗaukar sauti a sassan ƙasar domin jin ƙugin jiragen Shahed-136 ƙirar Iran, waɗanda Rasha ta fara harba mata a 2022.

Hanyoyin kakkaɓo su

Hanya mafi araha ita ce toshe saƙonni. Akan cika zangon da jirgin ke amfani da shi da hayaniya har ya daina jin umarni, ko a ruɗa shi da saƙonnin tauraron ɗan'adam na bogi ya ɓace hanya. Amma a 2024 an fara ganin jirage a fagen yaƙin Ukraine da ake sarrafawa ta wani siririn zaren gilashi mai tsawon kilomitoci, wanda ke warwarewa a bayansu. Irin waɗannan ba sa amfani da rediyo, don haka babu abin da za a toshe.

Harbo jirgi da makami mai linzami yana yiwuwa, sai dai akwai tsada. A 2017 wani janar na Amurka, David Perkins, ya ba da labarin wata ƙawar ƙasarsa da ta harbo jirgin dala 200 da makamin Patriot na kusan dala miliyan 3. Wanda ke kai hari da jirage masu araha zai iya talauta mai kare kansa ko da babu ɗaya da ya isa inda aka aika shi.

Wannan lissafi ne ya dawo da martabar bindigogin kakkaɓo jirage. Motar yaƙi ta Gepard, wadda sojojin Jamus suka riga suka jingine, ta yi suna a Ukraine saboda radarta da bindigoginta biyu masu bakin milimita 35. Ana kuma ƙera ƙananan jirage da aikinsu shi ne farautar 'yan'uwansu a sama.

A watan Janairun 2024 Birtaniya ta ce ta harbo jirage da makamin hasken lesa mai suna DragonFire, kuma kowane harbi bai kai fam 10 ba. Sai dai hazo da ruwan sama da ƙura na rage masa ƙarfi. 'Yan sandan Holland ma sun gwada horar da gaggafa ta cafke jirage a 2016, suka watsar da shirin a shekarar da ta biyo baya.

Ba fagen yaƙi kaɗai ba

A watan Disamban 2018 rahotannin ganin jirage marasa matuƙa sun sa an rufe filin jirgin saman Gatwick da ke kusa da London, lamarin da ya shafi tashi da saukar jirage kusan 1,000 da fasinjoji kimanin 140,000. A irin wannan wuri ba a iya buɗe wuta, toshe saƙonni kuma na iya rikita sadarwar jiragen fasinja.

A Afirka, birnin Port Sudan, wanda ya kasance tudun mun tsira tun ɓarkewar yaƙin Sudan a 2023, ya sha hare-haren irin waɗannan jirage na kwanaki a jere a watan Mayun 2025. An ƙona rumbunan mai, an kuma dakatar da zirga-zirga a filin jirgin saman birnin na wani lokaci, harin da sojojin ƙasar suka zargi dakarun RSF da kaiwa.