Tarihin Kuɗin Jinya a Ƙasar Yawuri

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi Gungawa, wato mazauna tsibiran Kogin Kwara, zuwa bakin tafkin madatsar, inda tsargiya, cutar fitsarin jini, ke addabar masunta. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, kuɗin kati da na magani suka hauhawa a asibitocin gwamnati, lamarin da ya tura talakawa wajen masu kemis, masu ƙirga ƙwaya gwargwadon kuɗin mai saye. Gyara ya zo sannu a hankali, domin dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya, wato adashen jinya, don kada ciwo ya cinye jarin masunci.