Daga Menaka zuwa Zariya: doguwar hanyar ɗan Kurfai zuwa kujerar matuƙi

Ranar 18 ga Fabrairun 1920 wasu jirage biyu na sojan Faransa suka ɗaga daga Tamanrasset, suka miƙi kudu da niyyar ƙetare Sahara. Ɗaya ya ɓace hanya, mai ya ƙare masa, ya kife cikin rairayi. Janar Laperrine da ke cikinsa ya ji mummunan rauni, ya cika ranar 5 ga Maris. Ɗayan, wanda Joseph Vuillemin ke tuƙawa, ya kai Menaka, daga can Gao, har Dakar.

Menaka ba baƙon suna ba ne a kunnen Bakurfaye, mutumin Kurfai, wato ƙasar Filinge. Can take arewa maso yamma da Abala, ta cikin Mali, kuma daga wannan yanki ne mayaƙan Firhun, jagoran Buzaye, suka taso wa Filinge a 1916. Ba yawon buɗe ido ya kawo jiragen nan ba. Faransa ta ga yadda ’yan raƙuma suka kusa ƙwace mata hamada, sai ta nemi idon da zai riƙa leƙo ta daga sama. Shekara biyar bayan wancan tashi Vuillemin ya dawo cikin wata tawaga mai manyan jirage biyu da ta nufi Chadi, nasa ya faɗi garin tashi a Yamai cikin Fabrairun 1925. Ya rayu, har ya sake biyowa ta Yamai da Damagaram a ƙarshen 1933 da jirage kusan talatin.

Su ma Ingilishi ba su zauna ba. Ranar 1 ga Nuwamban 1925 jirage uku ƙirar DH.9A suka sauka Kano daga Masar, Arthur Coningham na jagorantarsu. Zuwa 1936 kamfanin Imperial Airways ya haɗa Kano da Khartum, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma Kano ta zama zango ga jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ana kai wa Alƙahira. A duk tsawon shekarun nan aikin ɗan ƙasa ɗaya ne, ko a Yamai ko a Kano: share fili, mirgino durom ɗin mai, korar awaki daga hanyar jirgi. Kujerar gaba ta Bature ce.

Rabon da ya shafi ɗan Filinge har yau an yi shi ne a shekarun farko na ’yancin kai, kuma ba na jin akwai wanda ya lura a lokacin cewa rabo ake yi. Ranar 12 ga Disamban 1959 Faransa da ƙasashen da ta raina suka kafa ASECNA don kula da sararin samaniyarsu tare. A 1963 aka buɗe wa hukumar makaranta a Yamai, wadda ake kira EAMAC. Makaranta ce ta gaske, ɗalibai na zuwa mata daga Senegal har Madagaska, amma abin da take yayewa shi ne masu ba jirgi umarni daga hasumiya, da masana yanayi, da injiniyoyin na’urorin filin jirgi. Tuƙi kuwa aka bar wa Air Afrique, kamfanin haɗin gwiwa da aka kafa a 1961, wanda ya daɗe yana dogaro da matuƙa Faransawa, nasa ’ya’yan kuma a waje ake koya musu.

Najeriya ta bi wata hanyar. A 1964, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar jiragen farar hula ta duniya, ta kafa cibiyar horo a Zariya, wadda yanzu ake kira NCAT, kuma tun farko da tuƙi a cikin manhajarta. A nan Chinyere Kalu ta koyi tuƙi a ƙarshen shekarun 1970, ta zama mace ta farko a Najeriya mai tuƙa jirgin haya, daga baya ta dawo ta shugabanci makarantar a 2011. Ke nan yaron da ya tashi a Filinge, kilomita wajen 180 daga Yamai, yana iya koyon yadda ake saukar da jirgi da baki a babban birnin ƙasarsa, amma in da hannu yake so ya saukar, sai ya bi ta Ƙonni da Illela da Sakkwato da Funtuwa.

Ƙofa ɗaya ta rage a gida, ita ce soja. Nijar ta kafa ’yar rundunarta ta sama a 1961, kuma galibin ’yan ƙasar da suka riƙe sitiyarin jirgi ba da kuɗin iyayensu ba ta nan suka bi. Kurfai ƙasar soja ce tun zamanin Faransa, Janar Seyni Kountché ma ɗan Fandu ne a wannan yanki, don haka shiga kaki ba sabon abu ba ne a gidajen Kurfai. A Oktoban 2015 Laftanar Ouma Laouali ta zama mace ta farko mai tuƙi a rundunar, kuma jirgin da ta fara aiki da shi ƙarami ne mai farfela ɗaya, Cessna 208, kafin ta wuce zuwa C-130 a Amurka. Sauran ƙananan jiragen da mutanen karkara suka sani na wasu ne: masu feshin fara a 1988 da 2004, da na mishan masu kai likitoci asibitin Galmi. Ƙofar kamfanoni kuwa ta toshe: kamfanin ƙasar, Air Niger, ya rufe a 1993, Air Afrique ya bi shi a 2002.

Shi kansa koyon bai sauya sosai ba tun zamanin da aka buɗe Zariya. Ɗalibi kan fito da asuba, domin da rana ta take iska kan yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, jirgi ya ci dogon fili kafin ya ɗaga. Kafin ya shiga sai ya zagaye jirgin da ƙafa. Ya tsiyayi ɗan mai daga ƙarƙashin fiffike cikin wani ƙaramin kofi garai-garai, ya ɗaga shi ga haske, don ko ɗigon ruwa ya kwanta a gindi sai an zubar an sake. Ya shafa bakin farfela da yatsa ko tsakuwa ta ɓalgace ta, ya duba baƙin mai, ya motsa jela. Sannan a shiga abin da ke cin rai: tashi, kewaya fili, sauka, a sake tashi ba tare da an tsaya ba, haka dai har hannu ya gane nisan ƙasa da kansa. A sama malami zai rage wuta ya ce a ɗaga hanci har fiffike ya daina ɗaukar jirgin, ƙararrawa ta yi kuka, cikin ɗalibi ya ɗuri ruwa, domin ya koyi cewa maganin faɗuwa shi ne tura hancin ƙasa, abin da zuciya ba ta so. Wata safiya kuma, ba sanarwa, malamin zai buɗe ƙofa ya sauka ya ce, “Je ka, kewaye ɗaya, ka dawo mini da jirgina.” In ya dawo lafiya abokai na jiransa da bokitin ruwa.

Komai da awa ake auna shi, kuma a littafin tashi ake rubuta kowace. Ƙa’idar duniya ta ce awa 40 mafi ƙaranci kafin lasisin tuƙa jirgi don kai, 200 kafin na haya, ko 150 in makarantar na da tsararren shiri da aka amince da shi, sannan 1,500 kafin cikakken lasisin jan babban jirgin fasinja. Tun 2008 kuma aka wajabta wa mai ƙetare iyaka ya kai mataki na huɗu a Ingilishin rediyo. Wannan ya fi ciwo ga ɗan lakwal da ya yi karatunsa kaf da Faransanci. Hausa za ta saya masa abinci a Sabon Gari, ta samo masa ɗaki a Samaru, amma mutumin hasumiya ba da ita zai amsa ba.

Yanzu makarantu sun yawaita. Ban da Zariya akwai ta Ilori, akwai ta kamfanin jiragen Habasha a Adis Ababa, ga na Afirka ta Kudu da Maroko da Jodan, kowace da hotunan matasa cikin fararen riguna a shafinta na intanet. A ganina mai zaɓe ya yi abin da mai sayen sa ke yi ran Lahadi a kasuwar Filinge, ya ƙyale kirarin dillali ya buɗe baki ya ga haƙori. Jirage nawa ne ke tashi yau, ban da na cikin rumfa masu jiran kayan gyara? Ɗalibai nawa ke layi a kan kowane? Wane mai suke sha? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce a yankinmu. Tsofaffin ƙananan jirage fetur na musamman suke sha, mai tsada da wuyar samu, shi ya sa Zariya ta koma sayen Diamond DA40 da DA42 masu shan man manyan jirage, bayan ta daɗe da TB-9 ƙirar Faransa. Sai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akan wayi gari ba a hango ƙarshen fili, sabon ɗalibi kuwa da ido yake tuƙi, don haka zama ya kama shi, kuɗin ɗaki da na abinci na tafiya. Wanda ya fi kowa sanin gaskiyar makaranta shi ne ɗalibin da ya shekara biyu a cikinta, kuma shi ya kamata a tambaya yaushe rabonsa da tashi.

Akwai kuma abin da ke jiran mutum bayan ya gama. Wajen 2013 gwamnatin Kano ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙi. Da yawa sun dawo da lasisi a hannu suka zauna shekaru ba aiki, domin kamfani ba ya ɗaukar mutum sai da ƙarin shaidar ƙwarewa kan irin jirgin da yake da shi, ita ma kuɗi ce mai yawa. Ga iyalin da zai sayar da garke ya haɗa gomman miliyoyin sefa, wannan lissafi gabanin tafiya ake yin sa. Haka ma batun takarda: lasisin da hukumar Najeriya ta bayar sai takwararta ta Nijar, ANAC, ta duba ta amince kafin a tuƙa jirgi mai lambar Nijar, wato 5U, da shi. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar kuma ya ƙaro wata tambaya da a da ba a yin ta, wato ko ɗalibi zai iya zuwa gida hutu ya koma kan lokaci.